Lissafin Kwana 21: Kundin Jinyata a Yamai

Lahadi, 9 ga Fabrairu 2025

Na iso Yamai jiya da daddare, bayan na wuni a mota daga Tawa, ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutse da Doso, tafiyar da ta haura kilomita 500. Na sauka a gidan Yaya da ke Banifandu, inda matarsa ta share mini ɗakin da ke kusa da makewayi, ta kuma mayar da yaranta ɗaki guda. Mako biyar ke nan da aka yi mini aiki aka cire mamana na hagu tare da kaluluwar hammata, kuma sakamakon awon naman ya nuna cewa cutar daji ta taɓa uku daga cikin kaluluwar da aka cire. Saboda haka likita ta tsara mini shimiyo, wato maganin daji da ake sawa ta jijiya, sau 8, kwana 21 tsakanin kowane zagaye da na gaba, daga nan kuma sai gashi, wato gasa wurin ciwon da hasken na'ura. Idan komai ya tafi daidai, zan karɓi na ƙarshe ranar 8 ga Yuli.

Na bar yara uku a hannun mahaifinsu da surukata. Babbar ɗiyata tana ajin da za ta zauna jarrabawar BEPC a bana, kuma ita ce ta ba ni wannan littafi daga cikin na makarantarta, ta ce in riƙa rubuta ranaku da kuɗin da aka kashe don kada lissafi ya ɓace mana. Kuɗin mota da guzuri sun ci jaka 15 ta sefa, hoton zuciya da awon jini na farko kuma jaka 32.

Talata, 11 ga Fabrairu

An yi mini zagaye na farko. Magunguna biyu ne, doxorubicine da cyclophosphamide, kuma na farkon ja ne wur kamar ruwan zoɓo. Ma'aikaciyar jinya ta nemi jijiya a hannun dama, domin na hagu an hana a yi masa allura ko a ɗaura masa ma'aunin hawan jini tun da aka cire kaluluwar. Ta zauna kusa da ni har jan maganin ya gama shiga, tana cewa, "Madam, da kin ji zafi ko raɗaɗi a wurin allurar, ki faɗa mini nan take," saboda maganin yana ƙona nama idan ya fita daga jijiya. Ta kuma gargaɗe ni cewa fitsarina zai yi ja kwana ɗaya ko biyu, kada in ɗauka jini ne. Hoton zuciyar da aka yi mini kafin a fara ma saboda wannan magani ne, domin yana iya raunana zuciya.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Amai da tashin zuciya kwana uku, duk da maganin da aka ba ni. Kunun gero mai ruwa-ruwa kaɗai ke zama a cikina. Yau na ci tuwo loma biyar.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Gashina ya fara zuba tun shekaranjiya. Na san zai zuba, an faɗa mini cewa yakan fara ne mako biyu zuwa uku bayan zagaye na farko, amma sanin abu daban ne da ganinsa a kan matashin kai. Da safe na sa hannu in gyara ɗankwali, sai kitso guda ya biyo yatsuna har saiwarsa. Matar Yaya ta same ni ina riƙe da shi, ba ta ce mini komai ba, sai ta tura yara waje, ta rufe ƙofa, ta ɗauko almakashi da sabuwar reza. Ta aske mini kai a hankali, tana sa ruwan ɗumi, ta tattara gashin a ƙyalle ta je ta binne a bayan gida. Bayan la'asar ta dawo daga kasuwa da kallabi uku na auduga marasa kauri, ta ce na roba yana sa zufa, fatar kan kuma yanzu ba ta da kariya.

Talata, 4 ga Maris

Zagaye na biyu ya wuce lafiya. Azumi ya kama, likita kuma ta ce kada in ɗauka, domin jikina yana bukatar ruwa mai yawa don ƙoda ta fitar da maganin. Zuciyata ba ta kwanta ba sai da Yaya ya je ya tambayi limamin unguwa, wanda ya aiko mini da cewa Allah ya yi wa marar lafiya rangwame, in sha, in rama idan na sami sauƙi. Mutanen gidan suna ɓoye mini yunwarsu, ni kuma ina ɓoye musu kofina.

Juma'a, 21 ga Maris

Kwana biyar na yi a kwance a asibiti, yau aka sallamo ni, kuma ina so in rubuta abin da ya faru dalla-dalla domin kuskuren nawa ne.

Daren Asabar na fara jin sanyi da ciwon gaɓoɓi. Na ce a raina gajiya ce ko zazzaɓin sauro, na haɗiyi paracetamol na lulluɓa, ban faɗa wa kowa ba, domin mutanen gidan sun wuni da ƙishirwa kuma ban so in hana su barci kafin sahur. Alhali tun ranar farko an faɗa mini, an kuma rubuta mini a takarda, cewa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye fararen ƙwayoyin jini suna sauka ƙasa sosai, kuma a wannan lokaci zafin jiki da ya kai 38 ba abin jira ba ne har gari ya waye. An kuma ce kada in sha maganin zazzaɓi kafin in auna, saboda yana rufe alamar. Duk na san wannan, nauyin mutane ne kawai ya hana ni magana.

Wajen ƙarfe uku na dare matar Yaya ta tashi ɗora sahur, ta ji haƙorana suna kaɗawa daga cikin ɗaki. Ta sa mini ma'auni, ya nuna 39.2. Motar Yaya ba ta da mai, domin tun farkon watan nan ake fama da ƙarancin fetur a Yamai, mutane suna wuni a layin gidajen mai. Yaya ya fita ba takalmi ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinsa, wani dattijo Bazabarme da ke da tsohuwar mota, wanda ya samu lita kaɗan a ranar bayan dogon jira. Dattijon bai tambayi komai ba, ya sa hularsa ya tayar da mota, kuma a ƙofar asibiti ya yi sahur da ruwan leda da dabino uku.

Awon jini ya nuna ƙwayoyin da ke yaƙar cuta sun sauka zuwa 400. An keɓe ni a ɗaki, an sa mini maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, an hana 'yan dubiya shiga. Likita ba ta yi mini faɗa ba, amma ta ce da mun bari har hantsi, da cutar ta iya mamaye jinin baki ɗaya. Da Yaya ya shigo, sanye da takunkumi, ya tsaya daga bakin gado ya ce, "Ƙanwata, mun ɗauko ki ne don mu yi wahalarki. Idan kika ɓoye mana ciwo, kin ƙara mana aiki, ba ki rage ba." Tun rasuwar mahaifinmu ban ga idonsa ya kawo ruwa ba sai ranar.

Kwanciyar da magunguna sun ci jaka 118. Yaya ya biya 70, maigida ya aiko da saura ta kamfanin aika kuɗi na Nita. Daga yau ma'aunin zafi yana ƙarƙashin matashina, ana aunawa safe da yamma, kuma ɗan Yaya na fari ne ke rubuta lambar a bangon wannan littafi.

Talata, 25 ga Maris

Yau ya kamata a yi zagaye na uku, amma an ɗage. Ƙwayoyin sun hau zuwa 1,100 ne kawai, ana kuma son su kai 1,500 kafin a sake sa magani. Na dawo gida ina lissafi da yatsu, na ga 8 ga Yuli ta koma 15, sai na ji kamar an ƙara mini shekara. Abin da ya fi damuna shi ne tsoron cewa cutar za ta samu sarari ta yaɗu a cikin wannan mako. Na tambayi likita kai tsaye, ta ce jinkirin kwanaki irin wannan abu ne da suke gani kullum, kuma sa magani a kan jinin da bai farfaɗo ba ya fi haɗari nesa ba kusa ba. Ta ce daga yanzu za a haɗa mini da allurar filgrastim bayan kowane zagaye, wadda ke zaburar da ɓargo ya ƙera fararen ƙwayoyin jini.

Juma'a, 28 ga Maris

Goggo ta zo daga Tawa ba tare da sanarwa ba, ɗauke da jarka biyu na jiƙo da ƙullin garin magani. Da ta ga kaina da yadda na rame, ta fashe da kuka, ta ce, "Ɗiyata, wannan magani na nasara shi zai kashe ki kafin ciwon. Daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, ki zo mu koma gida." Ta sayar da akuyarta ne ta biya mai maganin, ta kuma yi tafiyar wuni guda da azumi a bakinta tana da shekara fiye da 70, saboda haka ban iya buɗe baki na ce mata a'a ba.

Maganar da take faɗa na sha jinta tun ina yarinya, kuma ina ganin na gane inda ta samo asali. Mata da yawa a wajenmu ba sa zuwa asibiti sai ƙullutun ya fashe, ya yi wari, ya riga ya kai huhu ko ƙashi, sai a yi aiki a makare, mace ta rasu, a ce wuƙa ce ta tayar da ciwon. A ɗakin da muke karɓar magani na zauna da wata baiwar Allah daga wajen Madawa wadda ta shekara biyu tana shafe-shafe da turare kafin a kawo ta, yanzu hannunta ya kumbura har ba ta iya ɗaga shi. Ni kuwa na ji ƙullutun ne yana kamar ƙwayar gujiya, kuma wata uku kawai na yi ina jan ƙafa, wanda shi ma na yi nadamarsa.

Matar Yaya ce ta warware lamarin cikin hikima. Ta kira ma'aikaciyar jinya a waya ta sa a bayyane, ita kuma ta yi wa Goggo bayani da Hausa, cikin ladabi, cewa hanta ce ke tace jan maganin nan, kuma jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba yana iya wahalar da hantar har a rasa yadda za a ci gaba. Daga nan matar Yaya ta ce, "Goggo, akwai aikin da ya gagare mu, sai ke. Ba ta cin abincinmu, amma kullum tana zancen kunun kanwarki." Goggo ta yi shiru, can ta tambayi inda turmi yake. Jarkokin suna nan a bayan ƙofa ba a buɗe ba, ba wanda ya sake tayar da zancensu, ita kuma ta ce za ta zauna har bayan salla.

Talata, 1 ga Afrilu

Ƙwayoyin sun kai 1,900, an yi zagaye na uku. Na yi salla a ɗaki, yara sun kira ni ta WhatsApp sun nuna mini ɗinkinsu. Allurar filgrastim guda biyar, jaka 95. Malaman makarantarmu a Tawa sun ba ni kwasar adashin wannan wata, alhali layina sai Oktoba, kuma wadda ta bar mini nata layin tana shirin aurar da ɗiya.

Litinin, 7 ga Afrilu

Allurar tana bukatar sanyi tsakanin 2 da 8 a ma'auni, ba a so ta daskare, ba a kuma so ta yi zafi, ga shi muna tsakiyar bazara, zafin rana yana wuce 40 kusan kullum. Ranar Asabar aka ɗauke wuta tun hantsi, har azahar ba ta dawo ba, firijin gida ya fara ɗumi da sauran allura uku a ciki, wato kuɗin da ya haura jaka 50. Ɗan Yaya ya naɗe kwalin a tawul, ya sa a kula da ƙanƙarar da ta rage, ya hau keke yana bin shaguna. Mai shago na huɗu da ya tambaya yana da firiji mai aiki da hasken rana, ya kwashe lemon kwalba daga shiryayye guda ya ajiye mana maganin, ya kuma ƙi karɓar ko dala. Yanzu a can allurar take kwana, yaron yana ɗauko guda kowace yamma, wata maƙwabciya ma'aikaciyar jinya kuma tana yi mini ita a fatar ciki idan ta taso daga aiki.

Allurar tana sa ciwon ƙugu da cinyoyi mai tsanani, wanda aka ce alama ce ta ɓargo yana aiki. Bakina kuma ya yi gyambo, ba na iya cin yaji ko tsami, ina kurkure shi da ruwan bikarbonat sau huɗu a rana.

Talata, 22 ga Afrilu

An sake ɗagewa. Wannan karo fararen ƙwayoyin suna lafiya, jinin ne kansa ya yi ƙasa, ya sauka zuwa 7.4. Dama kwana da kwanaki ina haki idan na taka daga ɗaki zuwa tsakar gida, tafin hannuna ya yi fari fat, kuma a wannan karon na faɗa tun da wuri. An rubuta ƙarin jini leda biyu, an ce mu kawo masu bayarwa.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Yaya ya sa magana ɗaya a zauren WhatsApp na 'yan Tawa mazauna Yamai da daren Talata. Washegari da safe mutum tara suka hallara a cibiyar ƙarin jini ta ƙasa, biyu daga cikinsu ɗalibaina ne da na koyar a aji shida shekaru da suka wuce, yanzu suna jami'ar Abdu Mumuni. An mayar da ɗaya saboda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, aka ce ya tsaya a bakin ƙofa yana ɓacin rai kamar an hana shi gado. Maigida ya kwana a mota ya iso da asuba, shi ma ya bayar, ya zauna da ni har ledar farko ta ƙare, sannan ya kama hanyar komawa saboda aiki da yara. Wata biyu da rabi rabona da shi. Ban cire kallabi a gabansa ba, shi ne ya ce, "Cire ki sha iska, zafi ake yi," ya karɓa ya ninke ya ajiye a kan gwiwarsa, muka ci gaba da zancen kuɗin makarantar yara.

Talata, 29 ga Afrilu

Jini ya hau zuwa 9.8. An yi zagaye na huɗu, wanda shi ne na ƙarshe na jan magani. Rabi ya wuce. Goggo ta koma Tawa, ta bar wa matar Yaya yadda ake dama kunun.

Juma'a, 23 ga Mayu

An canza magani zuwa paclitaxel, kuma ranar Talata ya kamata a fara, amma ba a samu maganin ba. Yaya da ɗansa sun raba gari biyu, sun zagaya farmasi fiye da goma cikin kwana biyu, wasu su ce ya ƙare, wasu su ce ana jiran kaya. A ƙarshe wata mata da muke karɓar magani tare, wadda ɗanta ya riga ya sayo mata na zagaye biyu, ta ce a ba ni na zagayenta na gaba, in mayar mata idan kaya sun iso. An nuna wa likita kwalaben, ta duba ƙarfinsu da ranar lalacewarsu, ta amince. Ban san sunan mahaifin matar nan ba, ban san gidanta ba, kujera kawai ta haɗa mu tun Fabrairu.

An fara ba ni magungunan kariya, sannan aka saki ruwan a hankali har tsawon awa uku, ma'aikaciyar jinya tana lura da numfashina a mintocin farko domin wasu jikinsu yana ƙin sa. Nawa bai ƙi ba. Ranar ƙarshe ta koma 25 ga Yuli, wato kwana 17 ke nan aka ƙara a kan lissafin farko. Na lura cewa wannan karon ban yi kuka ba, na ɗauki alƙalami ne kawai na gyara ranakun.

Laraba, 28 ga Mayu

Babu amai kamar da, sai ciwon gaɓoɓi kwana uku. Kayan farmasi sun iso, mun sayi na zagaye biyu, mun mayar wa matar nata.

Asabar, 14 ga Yuni

Jiya aka yi zagaye na shida. Yatsun hannuna da na ƙafa sun fara dindiris, ina jin kamar ina taka auduga, kuma shekaranjiya allurar ɗinki ta faɗi daga hannuna ban ji fitarta ba. Na faɗa wa likita kafin a sa ruwan, ta gwada ni da ɓalla maɓallin riga, ta ce idan abin ya ƙaru za ta rage yawan maganin a zagaye na bakwai, domin lahanin jijiya yana iya daɗewa bayan an gama. An hana ni tafiya ba takalmi da taɓa tukunya mai zafi.

Bana ba a yi layya a gidana na Tawa ba. Maigida ya sayar da ragon da ya yi wata bakwai yana kiwo, kuɗin ya shiga maganin zagaye biyu da suka rage, ya kuma ce yaran ne da kansu suka kawo shawarar. Maƙwabta sun aika musu da nama har ya yi yawa, surukata ta soya ta aiko mini da wani a cikin gwangwani. Jimillar abin da aka kashe tun Fabrairu, bisa abin da ke rubuce a nan, ta kai jaka 840, ban da abincin da nake ci a gidan Yaya, wanda ya hana a rubuta. Bashin da ke kanmu jaka 160 ne, na ƙanen maigida da na adashi.

Saura zagaye biyu, 4 da 25 ga Yuli. Bayan su sai gashi, kuma an riga an tura takarduna Cibiyar Yaƙi da Cutar Daji ta Ƙasa da ke nan Yamai, wadda aka buɗe sashen gashinta a 2021 da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Kafin wannan shekara, wanda ke bukatar gashi sai ya fita ƙasar waje, abin da malamar makaranta irina ba za ta ko yi mafarkinsa ba. An ce ana yin sa kwana biyar a mako har tsawon wasu makonni, za a kuma fara da awo da zana alama a ƙirji. Tunda awon naman ya nuna cewa irin cutar tawa tana ci da sinadarin jikin mace, zan kuma riƙa shan ƙwayar tamoxifène kullum har shekara biyar aƙalla.

Abin da za a yi a mako mai zuwa shi ne awon jini ranar Alhamis, da neman takardar ƙarin hutun jinya daga wurin aiki, da ci gaba da motsa hannun hagu a jikin bango safe da yamma, domin sai ya iya ɗaguwa sama da kai kafin a kwantar da ni a na'urar gashi, kuma har yanzu saura kamar taƙi ɗaya ya kai alamar da ɗan Yaya ya zana mini da alli. Na roƙi likita ta bar ni in je Tawa kwana huɗu idan jinin ya yi kyau, in ga ɗiyata kafin ta shiga jarrabawa. Ta ce za ta ba ni amsa idan ta ga sakamakon Alhamis.